Yashin Ma Titine

Kofur Cuthbert Laronde ya tsaya a tsakiyar hawan dutse, wai yana duba sawun ɓarawo a laka. Gaskiyar magana numfashi ne ya ƙare masa. Amma tsohon ɗan sanda ba ya gajiya a gaban mata, sai dai ya tsaya bincike.

Mata biyu ne a bayansa. Madam Prosper, shugabar kwamitin kare kunkurun teku, wadda ta ga ya dace ta sa farin takalmi ta hau dutse da damina. Sai Ma Titine, tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu, da sandarta da bokitinta, tana kiran sunan Yesu a kan kowace saiwa.

Daga ƙauyenmu zuwa gaɓar Ans Kawan tafiyar awa biyu ce a ƙasa, kuma igiyar ruwan wajen ba ta barin kwalekwale ya tsaya. A can kunkuru ke fitowa su binne ƙwai a baƙin yashi. Kofur aka ba gadin wurin, aka haɗa masa da hula mai tambari. Bana rami goma sha ɗaya kunkuru suka yi. An kwashe goma.

"Saura ɗaya, Kofur," in ji Madam Prosper, tana kankare laka daga takalminta. "In na tarar babu shi, ka ajiye mini hular nan yau."

Maganar ta soke shi. Tun da ya bar aiki, hular ce kaɗai ke sa a gaishe shi a kasuwa, kuma yana matuƙar tsoron ranar da zai koma Cuthbert kawai.

Ba wai bai yi ƙoƙari ba. Kowace safiya yakan share sawun kunkuru da ganyen kwakwa yadda masu gadi ke yi, har shi kansa sai ya duba littafinsa kafin ya gane inda rami yake. Ya zargi masunta kaf. Ya yi sati yana bin wani mai sayar da giyar rake. Ya rubuta rahoto mai shafi huɗu a kan wani kare, har da zanen ƙafarsa.

Mutum ɗaya ce a ƙauyen ba ta yi masa dariya ba. Tsofaffinmu sun yarda babu maganin sanyin ƙashi kamar zafin baƙin yashi, don haka duk Talata da Juma'a Ma Titine takan bi shi. Sai ta yi ta caka sanda a gaɓa har ta sami wuri mai laushi, ta haƙa, ta binne ƙafafunta. Shi kuma ya juya baya ya yi nisa, don ɗan mutunci ba ya kallon tsohuwa tana naɗe siket. In ta gama ta cika bokiti da yashin gashin gwiwa, shi ke ɗaukar mata har gida. Takan ba shi gwaza da busasshen kifi, tana cewa duk tsibirin nan babu mai ido irin nasa. Kofur bai taɓa musa mata ba.

Da suka sauka gaɓa, ya buɗe littafi, ya ƙirga taku goma sha biyu daga wata kwakwa mai doro, ya durƙusa. Ya tona har kafaɗa. Sai ga fararen ƙwai.

"Ga su nan, Madam!" ya ce, kamar shi ya saka su. "Ɓarawon ya san da wa yake yi."

Ya mayar da yashi, ya share wurin tas. Sannan ya ja Madam Prosper zuwa ɗaya ƙarshen gaɓar don ta ga inda karen nan ya taɓa tsayawa, ita kuma Ma Titine ta samu ta yi maganinta a tsanake. Awa guda ya yi yana bayani.

A hanyar komawa hular ta ƙara karkata gefe. Yana gaba da bokiti, yana ba da labarin ɓarayin da ya kama a babban birni, adadinsu na ƙaruwa a kowace kwana. Yashin Ma Titine bai taɓa yi masa nauyi ba, kuma ya daɗe da ɗaukar hakan a matsayin shaidar cewa har yanzu da sauransa.

"A hankali, ɗana," in ji tsohuwar daga baya. "Daina lilo da shi."

"Haba Ma, wannan ɗan abin? Da yatsa ɗaya ma..."

Ya ɗaga bokitin sama don Madam ta gani. Mariƙin ya ɓalle.

Yashin da ya zube bai fi cikin tafi uku ba. Sauran fararen ƙwai ne, dunƙule-dunƙule, suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya, suna tsalle a kan saiwoyi, har suka taru a gaban takalmin Madam Prosper. Ta dubi ƙasa. Ta ɗago ta dubi mutumin da ke tsaye da mariƙi a hannu.

Ma Titine ta dafe ƙirji, ta yi alamar gicciye, ta buɗe baki da tambayar da ta tanada tun ranar da ta kwashe ramin farko.

"Yesu mai ceto! Kofur, ɗana, ashe a cikin yashin maganina kake ɓoye su?"