Sabuwar Lambar Sirri

Karo na uku ke nan wayar tana ce mata sunan bai yi daidai ba. Maman Biyu ta ajiye ta a kan tulin zare, ta murza idanu da bayan hannu. Tun azahar take zaune a bakin gado, ƙugunta ya riƙe, shayin da ta haɗa har ya yi sanyi ba ta kurɓa ba.

Saƙa ce sana'arta: hulunan jarirai da safa. Ta waya take talla, masu saye su biya ta manhaja, kuɗin su gangara asusunta na banki. Haka ta yi shekara biyu tana tara na injin saƙa, don yatsunta sun fara gajiya. Wata biyu da suka wuce ta wayi gari asusun an share shi tas. A banki aka ce mata da wayarta aka yi, da lambar sirrinta, kuma layinta aka turo wa saƙon tabbatarwa.

A makon da abin ya faru kuwa wayar ta kwana a shagon Injiniya, mai gyaran waya na bakin titi, ƙanin aminiyarta. Ta je shagon ta faɗa masa abin da ba ta taɓa faɗa wa ɗan Adam ba, a gaban mutane. Tun ranar aminiyar ko sallamarta ba ta amsawa.

Ta rufe komai, ta koma karɓar kuɗi a hannu. Sai ga wata mai kanti tana son hula ɗari, amma ta ce ita ta manhaja take biya, in ba a shirya kafin magariba ba za ta ba wata.

"Kawo in gani," in ji maigidanta daga bakin ƙofa.

Wata biyar ke nan da rufe kamfanin da yake tuƙa wa mota. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya zauna a ƙasa ya karɓi wayar.

"Sunan mahaifinki kika bari. Yadda yake a banki haka za ki rubuta a nan, harafi da harafi."

Ta gyara, wayar ta amince.

Daga nan bai bar ta ta huta ba. Ya sa ta goge saƙon da wani ya turo wai a danna a haɗa asusu cikin minti ɗaya. Ya sa ta ƙayyade abin da za a iya cirewa a rana. Ya shiga wani lungu na wayar da ba ta san da shi ba, ya hana saƙon banki fitowa idan allo yana kulle.

"Da a fili yake fitowa," ya ce. "Duk wanda ke kusa sai ya karanta. Ki sa a riƙa aika wa yayarki sanarwa ita ma, don saƙon da ke wayarki gogewa ake yi. Kuma ki daina barinta a caji in kin tada sallah."

"Kai da ko rediyo sai an kamo maka tasha, yaushe ka zama malami?"

"Zaman gida."

Ta yi tsaki, ta miƙe ƙafa. "Duk wannan wahala Injiniya ya ja mini. Ni dai kullum na ɗaga hannu sai na kai ƙararsa."

"Ki daina. Ba ki gani da idonki ba."

"Kullum kai ne lauyansa. Ranar da na ce za ni wurin 'yan sanda ma kai ka tare ƙofa."

Ya tsinci wani guntun zare a tabarma yana naɗewa a yatsa yana warwarewa.

An kira la'asar, sun yi, sun dawo. Ta lura wannan karon ya ɗauki wayar ya sa mata a aljihu da kansa kafin ta yi alwala. Tausayinsa ya kama ta. Mutumin da ya saba fita tun asuba, yanzu ya koma gadin wayar mace.

Saƙon banki ya shigo, lambobi shida. Yana jin ƙarar ya juya ya fuskanci bango.

"Kada ki karanta a fili. Kada ki nuna wa kowa, ko ni."

"Haba Baban Biyu. Shekara ashirin da biyu muna ɗaki ɗaya?"

"Ko ni, na ce."

Ta shigar da su ɗaya bayan ɗaya tana bi da yatsa. Wayar ta yi juyi, ta yi juyi, sannan ta ce an haɗa. Maman Biyu ta sauke numfashi ta yi hamdala. Rana ta sauko kan labule, amma da sauran lokaci. Abu ɗaya ya rage: a zaɓi sabuwar lambar sirri.

Kanta ya yi nauyi, ba ta da ƙarfin haddace wani sabon abu. Babban yatsanta ya nufi inda ya saba da kansa, ya danna na farko, ya danna na biyu.

Maigidan yana nan fuska a bango, kafaɗunsa a zube. Cikin muryar wanda ya gaji da komai ya ce, "Kuma ki bar yaron nan ya huta. Kada ki sake sa ranar da muka binne shi."

Yatsan ya tsaya. Ko sunan unguwar nan ba su sani ba lokacin da suka binne ɗansu na fari, balle Injiniya ya san ranar, kuma ba ta taɓa faɗa wa wani mai rai, ko da maigidanta ne, cewa ranar ce tsohuwar lambarta ba.