Rigar da Baba Ya Mayar

Saddique tela bai ko ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki ba da Zuhura ta shigo shagonsa a unguwar Nima. Haka yake, Litinin zuwa Lahadi. Ko ranar Sallah, daga Idi shago yake wucewa. Wannan rayuwa ce?

Ta dire masa babbar riga a tebur. Rigar ce ya aika wa mahaifinta ranar da aka sa zai je gaisuwar neman aurenta, wai aiki ya riƙe shi.

"Baba ya ce ɗinki ya yi kyau," in ji ta, "amma ba zai aurar da 'yarsa ga riga ba."

Keken ya tsaya. "Zuhura, ai don ke nake wannan wahalar."

"Malam, yini ɗaya na roƙa. Wanda ba shi da ranar neman mace, yaushe zai sami ranar zama da ita? Baba yana gida har la'asar."

Ta fita ba ta waiwaya ba, don ta san mutuminta. Taku goma ba ta yi ba, sai ta ji an ja ƙofar shagon an danna kwaɗo, da rana tsaka.