Lambar da Mokgadi Ta Sauya

Mokgadi ce ke zama a teburin gaba na asibitin wani likitan mata a garin Tzaneen. Kowace cuta da lambarta: likita ya rubuta a kati, ita ta buga a kwamfuta, ta tura wa kamfanin inshorar lafiya ya biya. Da lambobin nan ne kuma kwamfutar ke tsamo sunayen waɗanda za a kira su dawo a sake duba su. Aikin take yi tsakani da Allah, sai dai tana da rauni guda, ba ta iya cewa a'a, ko ga mai tallan masara.

Wata rana wata dattijuwa, Mma Raesetja, ta fito daga ɗakin likita tana gyara ɗankwali. Cocinsu ɗaya, kuma a hannunta Mokgadi ta koyi waƙoƙin sujada. Ta dire ledar mangwaro a kan tebur, ta rage murya.

"'Yata, me ya rubuta a nan?"

"Sakamakon gwajinki ne, Mma. Ƙwayoyin fatar cikin gabanki sun fara sauya kama. Ba kansa ba ce, amma in aka bar su can suka nufa. Nan da wata shida za mu kira ki."

"Wannan na ji a bakinsa. Tambayata ita ce, Lesiba zai gani?"

Lesiba ɗanta ne, direban babbar mota a wurin haƙar ma'adinai na Phalaborwa. Shi ya sa ta a inshorarsa, don haka duk ƙarshen wata bayanin abin da aka yi mata yana shiga wayarsa.

"Lamba kawai zai gani, Mma."

"Lamba kawai! Yaron da ko kwalin shayi sai ya karanta bayansa? Zai buga ta a waya, ya san abin da ke ƙarƙashin zanen uwarsa. Ni da aka cire wa mahaifa tun yana makaranta, me ya rage da zai lalace? So kike in kasa haɗa ido da ɗana ranar Kirsimeti?"

Mokgadi ta yi dariya, tausayi kuma ya kama ta. Ta goge lambar likita, ta buga wadda ake sa wa mai zuwa duba lafiya kawai.

"Amma ki dawo fa, Mma."

"Ina zan je? Ci mangwaronki."

Ba ta dawo ba. Babu inda ke mata ciwo, ga gona, ga jikoki. Ita kuwa kwamfuta abin da aka ba ta shi take riƙewa, wata shida ya cika ba ta fito da sunan ba. Sau ɗaya Mokgadi ta tuna mata a ƙofar coci, tsohuwar ta ce, "Nan ma asibiti ne?" Aka yi dariya. Daga nan maganar ta bi ruwa.

Bayan shekara biyu da wani abu, wata rana ƙofa ta buɗe. Da farko Mokgadi ba ta gane matar da aka riƙo ba, sai da ta ga ɗankwalin. Mma Raesetja ta rame ta koma rabi, Lesiba na tallafe da ita tana jan ƙafa.

Likita ya daɗe a ciki. Da ya fito, ya tsaya a kanta da tsohon katin a hannu.

"Kansa ce, har ta kai mafitsara. Yau za su wuce babban asibitin Polokwane. Me ya hana a kira matar nan?"

Ya sunkuya ya duba kwamfuta, ya duba rubutun hannunsa, ya sake duba kwamfuta. Ya ɗago ya kalle ta. Sannan ya koma ciki.

Sai ga Lesiba ya matso da waya a hannu. Babu faɗa a muryarsa, kuma wannan ne ya fi tayar mata da hankali.

"Yaya Mokgadi, ki taimaka ki fahimtar da ni. Tsohuwar nan ko kanta ke ciwo ba za ta faɗa mini ba. Shi ya sa duk wata nake bin lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, ta nan kaɗai nake sanin halin da take ciki. Ga ta ranar nan, duba lafiya kawai, babu komai. Don murna har nama na gasa wa abokan aikina." Ya miƙo mata wayar. "Da na ga ko ɗigon matsala, ai a kafaɗa zan ɗauko ta in kawo ta. To ta yaya abu ya kai haka ban gani ba?"

Mokgadi ta kalli bencin da aka zaunar da tsohuwar. Mma Raesetja ta ja ɗankwali ta rufe fuskarta, kafaɗunta na girgiza.

Mai karatu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In gwaji ya nuna sauyi, a koma a kan lokaci ko babu inda ke ciwo, kada kunya ta hana a faɗa wa wanda zai taimaka. Kai kuma ma'aikaci, ka buga lambar da likita ya rubuta, domin wani ya dogara da ita wajen tsare ran uwarsa.