Mai Igwa

Murmushi yana tsugune gaban amarya, yana jiran hasken taga ya sauka a kumatunta, sai ya ji zauren bikin ya yi tsit. Ya waiga. Wani dogon mutum ne ya shigo rataye da kyamara mai hanci kamar igwa, yana tafe yana baza ƙamshin turare.

Murmushi mai hoto ne tun yana saurayi. Yawan ce wa mutane "murmushi kaɗan!" ne ya cinye sunansa na gaskiya. Kyamararsa ta tsufa, da roba ma yake ɗaure murfin batirinta, amma ya iya jera surukan da ba sa ga-maciji su fito a hoto kamar uwarsu ɗaya.

Dogon nan bai nufi amarya ba, bai nufi ango ba. Gefen Murmushi ya zo ya tsaya, ya zaro ƙyalle mai laushi yana goge gilashin igwarsa a hankali. Uwar ango ta dubi wannan, ta dubi waccan.

"Kai mai hoto," ta ce da Murmushi, "taka ba ta gama girma ba ne?"

Aka kwashe da dariya. Murmushi ya taya su, amma ran nan ko abinci bai iya ci ba.

Daga nan duk bikin da ya je sai ya tarar da mutumin, har jama'a suka sa masa Mai Igwa. Kullum yana jikin mai hoton da aka ɗauko, ba ya gumi, ba ya hawa kujera, ba ya cewa kowa ya matso. Murmushi ya kasa kunne ko zai ji ƙarar dannawa, shiru. Lallai kaya sun kai kaya, in ji shi a ransa, ko ƙara ba ta yi! Ledar da ke kan allonta ma ba a ɓare ba, ya ce wannan shi ne sanin darajar abu.

Wata rana dai ya cire kunya ya tambaya.

"Wannan?" in ji Mai Igwa. "Ai ba kai ke wahala ba, ita ke yi. Layin masu kayan lantarki, shago mai koren ƙyaure. Amma ka hanzarta, na ji guda ɗaya ta rage."

A gida matarsa ta ƙi ba shi haɗin kai. Ta nuna masa hotunan da suka cika bangon ɗaki.

"Baban yara, wa ya taɓa dawo maka da hoto? Shi wancan, ka taɓa ganin nasa ko guda?"

"Manya ba sa nuna aikinsu a titi," ya ce, ya juya mata baya.

Gaskiyar magana tsoro ne ya kama shi. Da hoton nan yake ci da gidansa, ba shi da wata sana'a. Da wani ango ya kira shi ya ce, "To, amma kana da babbar?" sai ya ji kamar an zare ƙasa daga ƙarƙashin ƙafarsa. Washegari ya sayar da babur ɗinsa, wanda ke kai shi kowane biki, yake kuma kai yara makaranta.

Ya tafi shagon a ƙasa, rana na dukansa. A bakin layin ya ci karo da abokan sana'arsa biyu, kowa rungume da ƙaton kwali, kowa a ƙasa, alhali duk ya san su da babura. Suka gaisa sama-sama, ba mai son haɗa ido da wani. Ya ƙara sauri kada a riga shi ta ƙarshen.

Ashe da rabonsa. Budurwar da ke bayan kanta ta ce ya taki sa'a, ita kaɗai ta saura. Ya biya, ya buɗe kwalin, ya rataya igwarsa a wuya. Nauyi kamar turmi! Maɗaurin kuwa yana tashin wani ƙamshin turare da ya san ya taɓa ji a wani wuri.

"Baba," budurwar ta ɗaga murya, "wannan ma ta tafi!"

Labulen ciki ya ɗaga. Mai Igwa ya fito da makullan shagon a hannu, wata sabuwar igwar a wuyansa, yana tambayar 'yarsa ina ake biki yau. Murmushi ya matso kusa da shi.

"To... hotunan da kake ta ɗauka fa?"

"Hoto?" Mai Igwa ya goge gilashi da ƙyallensa. "Haba malam, ni ko inda ake dannawa ban sani ba, sayarwa kawai na iya."