Fentin Ramuwar Doña Fermina

"Sai mu ga ƙarshen iyayi!" in ji maƙwabciyata Doña Fermina, tana mulke farin tankin ruwana da baƙin fenti a kan rufi. Wai ramuwa ce, don na ce miyar gyaɗarta lami ce.



Washegari da la'asar na buga ƙofarta, gashina a jiƙe.

"Kuka kika zo yi?" ta ce.

"Godiya dai, maƙwabciya. Baƙi shan zafin rana yake, fari kuwa korar sa yake. Duk sanyin garin nan namu na El Alto, yau da ruwa mai ɗumi na yi wanka."

Ta ɗaga kai ta dubi nata tankin, fari fat. Fentin kuma ya ƙare tas a kan nawa.