Ƙofar Masu Kawo Nama

Babana mahauci ne a Djougou, kuma in aka taɓa kalangu ba mai shiga fili bayansa. Wasu samari daga Parakou sun yi makonni suna zuwa gidanmu yana koya musu rawar mahauta. Ranar da za su nuna ta a zauren wasanni, ya ɗauke ni muka tafi, ina 'yar shekara tara.

Sau biyu ya yi wanka. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zuba turare har na yi atishawa, amma ƙarnin nama bai bar hannunsa ba.

Da la'asar muka isa. Mai tsaron ƙofa yana ta yi wa masu kwat sannu da zuwa da Faransanci, "Bonne arrivée." Da aka zo kanmu sai ya ja hanci, ya ce da Hausa, "Baba, ƙofar masu kawo nama tana baya."

Baba bai ce masa shi wane ne ba. Muka zagaya muka tsaya a jikin bango, muna leƙe ta taga. Kafaɗunsa na motsi su kaɗai. Can ya ce a hankali, "Sun yi saurin juyi, Hajara. Sai da na hana su."

Yau ni ce ke tsaron ƙofar gaba ta wannan zauren, ni ke yi wa mutane sannu da zuwa. Baba ya rasu bai taɓa shiga ba. Rawar tana nan, har Turawa na zuwa kallonta. Har yau suna saurin juyi, jama'a kuma na miƙewa suna tafa musu.