Waɗanda Aka Tambaya a Benci

Sau uku Rinai tana zuwa ofishin lafiya na gunduma kafin shugaban ofishin, Pak Darwis, ya saurare ta, shi ma don ta tsare shi ne a bakin ƙofa yana riƙe da ƙunshin shinkafarsa.

Maganarta ɗaya ce. An dakatar da jirgin ruwan da ke kai magani ƙauyukan saman kogi duk wata. Mahaifinta yana can Nanga Sarai, tafiyar kwana biyu a kwalekwale, yana fama da tarin fuka. Ƙwayoyin da suka rage masa ba za su kai mako biyu ba.

Pak Darwis ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne da suka fi yarda da takarda a kan idonsu. Ya shigar da ita ofis, ya buɗe kabad, ya dire mata tulin takardu a tebur.

"'Yata, ba da ka na yanke ba. Bara aka yi bincike, aka tambayi mutum ɗari uku..."

"Da goma sha biyu," ta ce can ƙasa-ƙasa.

Bai ji ta ba. "Tara cikin goma sun ce asibiti bai yi musu nisa ba. To, jirgin na mene ne?"

Ta zaro ta saman, ta ɗora babban yatsanta a gindin takardar.

"Pak, dubi ƙauyukansu, duk na bakin titi ne. A bencin asibiti aka zauna aka cike waɗannan, ranar kasuwa. Mutum ya iso asibiti a kan babur, ka tambaye shi ko asibiti na da nisa, me kake so ya ce? Wanda ya yi wa nisa ai bai zo ba."

Ya gyara tabarau, ya bi takarda goma da ido, ya ƙara goma. Shinkafarsa ta huce.

"Amma an umarci mai binciken ya hau kogi."

"Damina ce, ruwa ya cika. A makon nan kwalekwale biyu suka kife. Wataƙila tsoro ya ji. Wataƙila ya ɗauka takardu ne kawai da za su ruɓe a kabad."

Gaskiyar ta shige shi, amma a makare. Jirgin an riga an miƙa shi ga wata gunduma, sabon bincike kuma sai nan da shekara biyu.

"In mai binciken ya zo da kansa ya faɗi gaskiya fa?" in ji ta.

"A kore shi, a sa sunansa a jarida. Jirgi kuwa ba bana ba. Ki yi haƙuri, 'yata, hannuna bai kai can ba."

Amsar da Rinai ta zo nema ke nan, ita ce kuma ta fi tsoro. Babu sauran abin da za ta bayar.

Ya miƙo hannu ya karɓi takardar, ya mayar cikin 'yan'uwanta ba tare da ya duba ba. Da ya duba inda yatsanta ya bar danshin zufa, a gurbin sa hannun mai bincike, da ya ga sunanta, kamar yadda yake a gindin duk ɗari uku da goma sha biyun.